Wanda Ya Feɗe Jakin Gogo Azumi

Ha'inci iri-iri ne, amma mafi muninsa shi ne mutum ya sayar wa maras lafiya abin da ya san ba magani ba ne, sannan in asiri ya tashi tonuwa ya koma gefe ya naɗe hannu, a kama wani a madadinsa. Mai yin haka ya manta alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To ku saurara ku ji yadda ya bi wani mutum a Tudun Ƙirya, ƙasar Barkiya, har ya cim masa.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ƙasa da sauran danshi. Da hantsi mata masu zuwa ɗebo ruwa suka hangi ungulaye suna shawagi a kan kwarin da ke bayan gari. Da aka je, sai ga jakin Gogo Azumi kwance, an yanka shi, an feɗe, an kwashe fata an bar nama ga ƙuda. Ba shi ne na farko ba. Tun bazara jakuna ke ɓacewa a garin ɗaya bayan ɗaya, sai dai a tsinci ƙashi bayan kwanaki. Wannan ne kawai aka samu da ɗuminsa.

Gogo Azumi tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci. Jakin nan shi ne gonarta, shi ne kasuwarta. Ana hayarsa a kai taki gona, a kwaso hatsi, ta samu na cefane. Da ta iso bakin kwarin ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Aka aika aka kira Malam Mutawakkil mai bin sawu. Dattijo ne siriri, ɗan maharba, wanda ya gaji karatun ƙasa wurin ubansa kamar yadda wani ke gadon allo. Aibinsa ɗaya, in yana duba sawu sai ya riƙa magana da kansa a fili. Ya kewaya mushen, ya sunkuya, ya ce, "Mutum ɗaya ne. Takalmin roba. Da sanda. Ya fita ta burtali, ya nufi wajen ruga."

Da kansa yake magana, amma kunnuwa da yawa sun ji. Magana zarar bunu ce. Kafin ya ɗago kai, Muslim shugaban 'yan sa-kai ya riga ya hau babur da mutanensa. Ruga ɗaya ce a wannan gefen, ta Juli, Bafulatanin da ya shekara da shekaru yana zaune da su lafiya, shanunsa na kwana a gonakinsu bayan girbi. Suka dawo da shi ɗaure, baki ya fashe, riga a yage.

A ƙofar gidan Mai unguwa gari ya taru. Shekarun nan an sha wuya da ɓarayin daji, zukata a kusa suke, kowa ya ga Bafulatani da igiya a hannu ba ya tambayar me ya yi.

"Ranka ya daɗe, ba mu da abin tattaunawa," in ji Muslim. "Sawu ya nuna ruga, mai sawu da bakinsa ya faɗa. Mu shiga da shi daji mu tambaye shi sauran."

Kowa a wurin ya san wanda aka shiga da shi daji tambaya ba ya dawowa da amsa.

"Ban ce ya shiga ruga ba," in ji Mutawakkil. "Cewa na yi ya nufi wajen."

"Baba, wajen ruga da ruga ai duk kanwar ja ce."

Juli ya ɗago ido ɗaya, ɗayan ya kumbura. "Baba Mutawakkil, mi zan yi da fatar jaki? Ko nonon jaka ba mu sha."

Nan Alhaji Zaharaddin ya gyara murya. Ɗan garin ne, mutum mai jiki mai babur, yana da shago a kasuwar Dutsin-Ma, shi ke zuba wa 'yan sa-kai mai a babura. Arzikinsa ya taso ne daga wani garin magani mai suna kolajin da ake kawowa a gwangwani, wanda aka ce daga fata da ƙashi ake yinsa, aka kuma ce yana taimakon masu ciwon suga. Ko yana yi ko ba ya yi, wannan maganar likitoci ce. Abin da kowa ya sani shi ne Alhaji da kansa ya yi fama da sugan, ya kuma rantse a masallaci cewa garin nan ya warkar da shi sarai, har ya watsar da ƙwayoyin asibiti. Daga Kurfi har Dabawa ana zuwa saye saboda wannan rantsuwa.

"Ni dai ba na son a zubar da jini," ya ce, yana jan carbi. "Amma yau jaki ne, gobe sa ne, jibi mutum. Yaran nan su suka san aikinsu."

Mai unguwa ya dubi Mutawakkil, ya dubi bindigogin da ke rataye a kafaɗun samari. Ya san iyakar ƙarfinsa.

"Muslim, ka ba ni aron yinin nan. In rana ta faɗi Malam bai kawo wani ba, ba ni da ta cewa."

Aka jefa Juli cikin zaure aka sa masu gadi. Mutawakkil ya juya ya tafi. Ya san ba Muslim ya ɗaure mutumin nan ba, bakinsa ne shi da kansa.

Ya fara da gidan Gogo Azumi. Turken jaki na nan, igiya a kwance ba a yanke ba, an warware ta a hankali. Ga ɓurɓushin dusa a ƙasa har bakin ƙofa.

"Gogo, ba ki ji kukansa ba?"

"Wane kuka, Malam? Wanga jaki in ya ga dusa, ko kura ce ta riƙo ƙwaryar bin ta zai yi. Ni kuma kwanan nan jikin ba nawa ba. Ido na hazo, ƙishi kamar na kwana a Azbin."

"Sugan ne?"

"Shi ne. Ga shi kuwa ban fasa shan garin Alhaji ba, safe da yamma. Yarinyar asibiti ta ce kar in kuskura in bar ƙwayoyina, na ce ke yarinya, ga wanda ya warke ina gani da idona, zan tsaya haɗiyar alli?"

Ta nuna masa gwangwanin, fari mai rubutun Turawa. Kusa da shi ga kofin kokon da ta dama da safe ta zuba garin, labari ya zo ba ta sha ba. Mutawakkil ya karkata kofin. Kokon bai motsa ba, ya daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana.

"Haka yake yi?"

"Na da ba ya yi. Na bana ne, ga ɗan ƙauri. Alhaji ya ce sabon samfuri ne mai ƙarfi."

Bai ɗauki maganar da nauyi ba, hankalinsa na kan igiya. "Kin yi faɗa da wani a kan jakin?"

Ta ce, "Ladan. Malam Abdulƙadir. Jakin ya shiga gonarsa ya ci dawa, ya ce in ya sake gani sai ya yanka shi. Amma faɗin baki ne, Malam, kar ka ɗora mini alhaki."

Daga nan ya wuce rumfar Sirajo mahauci, don tun safe wasu ke raɗa cewa mai wuƙa shi ya san fiɗa. Ya same shi yana wasa wuƙa, fuska a murtuke.

"Ka zo ka ɗaure ni ni ma, Baba? Ka faɗa da ƙarfi yadda yaran za su ji."

Mutawakkil ya haɗiye wannan, don ya cancance ta. "Ka je ka ga mushen?"

"Na je. Na ji kunya a madadin wuƙar. Baba, ni in na feɗe dabba, fata fita take kamar an tuɓe riga. Wanga kuwa falle-falle ya yanyanko ta, ya bar ta wuya, ya bar ta ƙafafu, duk ya huda."

"Masu sayen fatar jaki fa? Na ji ana zuwa nema daga nesa."

"Su ai ɗungurungum suke so, daga kunne har wutsiya. Ka kai musu wannan su kore ka da dariya. Wanda ya yi aikin nan ba kasuwa zai kai ba." Ya gwada kaifin wuƙar a farce. "Yankan tukunya ne. Haka ake yanka ganda in za a dafa."

"Wa zai dafa jaki, Sirajo?"

"Arne ma sai yunwa ta yi yunwa. Kai ne mai sawu, ni nama na sani."

Rana ta take tsaka sa'ad da ya koma kwarin shi kaɗai. Da safe jama'a sun hana shi sakat, yanzu ba kowa sai ungulu. Ya ɗauki sawun daga inda ƙafafun 'yan kallo suka ƙare, ya kama bakinsa gam, ya bi.

Takalmin roba ne, gaskiya, irin wanda makiyaya ke sawa, irin wanda kuma kowa ke iya saye a kasuwa. Amma takun gajere ne, mai nauyi, diddige na nutsewa, ƙafar hagu na buɗewa waje. Makiyayi doguwar tafiya ta saba masa, takunsa sama-sama ne. Ga sandar kuma, kowane taku sai an caka ta a ƙasa an dogara. Bafulatani a kafaɗa yake saɓa sandarsa ya rataya hannuwa, ba ya tokara ta kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Sawun ya bi burtali, ya gifta gaban rugar Juli bai ko karkata ba, ya miƙe har bakin hanyar mota, inda tayar babur ta ɗauke shi.

Wannan ya ishe shi sanin ba Juli ba ne. Bai isa ya kwance igiya ba. Muslim ba zai saki wanda ke hannu don labarin sanda ba, sai an ba shi wani.

Ya juyo yana bin sawun a karo na biyu, a hankali. Sai ya lura da abin da ya tsallake. Mutumin ya ratse gefen hanya, ya tsuguna, ƙafafu biyu a jere, ga hogen da ya yi tsarki da shi a yashe. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowa na kama ruwa. Amma kafin a yi nisan jifa, ga wani wurin. Gaba kaɗan ga wani. Mutumin da ke ɗauke da kayan sata, yana sauri kada gari ya waye masa, me zai tsayar da shi haka in ba abin da ya fi ƙarfinsa ba?

Ya durƙusa a kan na ƙarshe. Wurin ya bushe, amma ya yi baƙi ƙirin da kiyashi, sun yi layi suna shiga suna fita kamar an zubar da zuma. Ya koma na baya, haka. Na bayansa ma haka.

A yi mini afuwa da ambaton ƙazanta, amma gaskiya ba ta zaɓen wurin kwana. Mutawakkil ya san wannan alama, don da ita aka fara gane ciwon yayansa marigayi tun ba a je asibiti ba. Kiyashi ba ya taruwa a bawalin mai lafiya. Ɓarawon jakin nan yana da ciwon suga, kuma ciwon ya ci ƙarfinsa.

Ya miƙe. Ladan na da suga, gari duk ya sani. Ladan kuma ya yi alwashin yanka jakin.

Ya same shi a zaurensa bayan azahar, kishingiɗe, ƙafar dama naɗe da tsumma ta kumbura kamar tulu. Wani ne ma ya yi kiran salla a madadinsa.

"Tun yaushe ƙafar, Malam?"

"Tun kafin gero ya fid da kai. Ƙaya ce ta soke ni, ta ƙi warkewa. Takalmi ma ba ya shiga, bayan gida sai an riƙe ni." Ya dube shi da kyau. "Azumi ta gaya maka na ce zan yanka jakinta ko? Na faɗa. Kaza ma yanzu in ta gudu ta tsira."

Zato ya rushe. Mutawakkil ya zauna a bakin tabarma, ya dubi inuwar katanga da ta fara tsawo.

"Malam, ku nawa ne masu ciwon nan a gari?"

"Mu da muka sani? Ni, da Azumi, da matar Sarkin Noma, ita kuwa ko ƙofar gida ba ta fita. Duk wurin Alhaji muke sayen gari. Da can da shi Alhajin a cikinmu, kafin Allah ya yaye masa." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni dai ban san abin da na yi ba. Gwangwani ɗaya muke sha, shi ya warke, mu muna lalacewa."

Mutawakkil ya miƙe ya yi masa sallama. A cikin kansa abubuwa suka fara haɗuwa: fatar da aka yanka yankan tukunya, kokon da ya daskare kamar romo, da mutum mai jiki mai babur wanda ba wanda zai lissafa cikin marasa lafiya, saboda ya rantse ya warke. Wannan karon ko leɓensa bai motsa ba. Sunan da ke bakinsa ya fi na Juli nauyi, in ya faɗe shi ba hujja, shi za a ɗaure.

Bayan la'asar ya roƙi Mai unguwa a tara mutane a gindin tsamiyar ƙofar gida. Aka fito da Juli aka zaunar a rana. Aka kira Sirajo, aka ɗauko Ladan a kan babur, Gogo Azumi ta zauna can gefe da gwangwaninta, don ya ce ta zo da shi. Alhaji Zaharaddin na kan kujera kusa da Mai unguwa. Mutawakkil ya sa aka kawo tulun ruwan sanyi da moɗa aka ajiye a tsakiya.

"To Baba, wa ka kawo?" in ji Muslim.

"Rana ba ta faɗi ba. Aron yini aka ba ni, sai na cinye abina."

Ya fara bayani, ya ja shi kamar igiyar rijiya. Ya yi maganar takalmi, ya yi maganar sanda, ya sa wani saurayi ya taka ƙasa ya nuna bambancin takun mai kaya da na maras kaya. Jama'a suka fara gunaguni. Shi kuwa da wutsiyar ido yake kallon moɗa. Alhaji ya sha, ya sake sha, ya cika ta uku. Can ya miƙe ya ce a yi masa uzuri, ya ɗauki buta. Namiji ba ya shiga gidan wani, don haka bayan danga ya kewaya, wajen rumbuna.

Da ya dawo, Mutawakkil ya ce, "Alhaji, ga Ladan na kukan jiki, ga Gogo. Ka ba su labarin yadda ka warke mana, ko zuciyarsu ta yi sanyi."

"Yanzu lokacin talla ne?" in ji Muslim.

Amma Alhaji ya riga ya gyara zama. Ya faɗi yadda da yake tashi sau goma kafin asuba, yadda ƙishi ke hana shi barci, yadda gwangwani biyu suka mai da shi ɗan saurayi. "Yau shekara biyu ko ƙwaya ɗaya ban haɗiya ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, babu ɗigon suga a jikina." Yana rufe baki ya miƙa hannu ga moɗa. Ba a jima ba ya sake ɗaukar buta.

Rana ta yi ja, ta sauka kan ƙiryoyin yamma. Muslim ya tashi ya saɓa bindiga.

"Baba, mun yi maka ladabi. Ku ɗaga shi."

Samari biyu suka kama Juli ta hammata. Bai yi gardama ba, salati kawai yake yi ƙasa-ƙasa.

"Muslim," in ji Mutawakkil, "taku kaɗan nake roƙo. Kai da Mai unguwa da Sirajo, ku biyo ni bayan danga. Alhaji, har da kai."

"Ni kuma? Mi ya haɗa ni da bayan danga?"

"Yanzu ka fito daga can, ai ba baƙon wuri ba ne."

Suka kewaya. Ga wurin da Alhaji ya tsuguna da farko, ƙafafu biyu a jere, ta hagu ta buɗe waje. Kiyashi sun rufe shi baƙi ƙirin. Na biyun ma sun fara layi.

"Tsakanin kwari da hanyar mota," in ji Mutawakkil, "ɓarawon jaki ya tsuguna ya fi a ƙirga, kuma kowane wuri haka kiyashi suka yi masa. Duk mai shakka ga sauran haske, mu je ya gani. Mai suga ne. Masu suga a garin nan, ɗaya ba ya iya sa takalmi, biyu mata ne tsofaffi. Saura wanda ya ce ya warke."

Gumi ya keto wa Alhaji. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk da haka ya daure ya yi dariya.

"To, a ce ciwon ya ɗan dawo. Ciwo laifi ne? Ranka ya daɗe, tsufa ya fara taɓa mutumin nan."

"Ciwo ba laifi ba ne, Alhaji. Rantsuwar da ka yi ɗazu ita ce laifi. Sirajo, karɓo gwangwanin Gogo, a kawo garwashi."

Aka kawo a kasko, a gaban jama'a. Sirajo ya barbaɗa garin a kan wuta. Hayaƙi ya tashi, ya shaƙa, ya kau da kai ya tofar.

"Fata ce, da garin rogo. Kuma na rantse ba ta saniya ba ce, ƙaurin ganda a hancina na girma." Ya juya ya dubi Alhaji. "Ashe shi ya sa! Bara kai ke kwashe mini ganda, ka ce wata mai abinci kake kai wa Dutsin-Ma. Da na ƙara kuɗi ka ɗauke ƙafa. Watan da ka daina zuwa, watan jakin farko ya ɓace."

"Kangon gidanku na bakin gari," in ji Mai unguwa a hankali, "wanda ka ce taki kake ajiyewa. Ina makullin?"

Alhaji ya ce ya bar shi a shago. Aka ɗunguma zuwa kangon, har da Juli a ɗaure. Muslim bai jira ba, da gindin bindiga ya fasa kwaɗon. Babu taki ko buhu ɗaya. Manyan tukwane ne a kan murhu, da turmi, da rariya, da tarin gwangwanayen da aka wanke ana jiran cikawa. A kan igiya ga fallayen fata an shanya, ɗaya ɗanye sharaf, da baƙin zanen nan da ke gicciye a kafaɗar jaki.

A nan Alhaji ya zube. Ya ce kolajin na gaskiyan ya yi tsada har ya gagare shi sarowa, ga masu saye sun saba. Ya ji an ce daga fata ake yi, ya ce ai fata fata ce. Ya ji kuma an ce ta jaki ta fi daraja a wurin mutanen waje, ya ce to ita ce mai ƙarfi. Bai sa kowa aikin ba don sirrin da ya wuce mutum ɗaya ya zama talla. Takalmin roba da hanyar ruga kuwa, bai musa ba da gangan ya zaɓa.

Gogo Azumi ta matso tana dogara bango. Muryarta ba ta tashi ba.

"Zaharaddin, ni na yi wa uwarka wankan jego. Jaki ka ba ni na sha? Da azumi ma da shi na yi sahur."

Mata suka ɗau salati, wasu maza suka koma gefe suna kakarin amai. Musulmi, masu salla, wata da watanni suna dama haram a koko suna cewa bismillah. Muslim ya ɗaga bindiga, idonsa jawur, don shi ma uwarsa a Kurfi tana sha. Mutawakkil ya shiga tsakani ya tsaya, bakin bindigar a ƙirjinsa.

"Bakina ya ɗaure mutum da safe, ba zai kashe wani da yamma ba. Akwai hukuma a Kurfi. Ka fara kwance wancan."

Sai dai Mutawakkil da hannunsa ya warware igiyar, don ta ci nama sai a hankali. Juli ya miƙe yana layi, ya dubi yamma inda rana ta rage kamar bakin faifai.

"Baba," ya ce, "da ranar nan ta riga ka fa?"

Mutawakkil ya sunkuyar da kai. Kafin girbi Juli ya kaɗa shanunsa ya bar ƙasar, gonakin Tudun Ƙirya suka kwana ba taki a shekarar. Ladan da Gogo aka kai su asibiti aka mai da su kan magani. Ita ta samu sauƙi, shi ya bar yatsu biyu a can.

Shi kuwa Alhaji Zaharaddin, ga abin da ha'inci ya ci masa. Shagon Dutsin-Ma an rufe shi, an ƙone kayan ciki a bainar jama'a. Gonar gadonsa ta bakin rafi an sayar an biya masu jakuna, Gogo Azumi ce ta fara karɓa. Babur ya tafi wurin jinyar waɗanda ya shayar. Sahun gaba da ya saba tsayawa a masallaci, wani ke tsayawa. Ya yi zaman gidan yari, ya fito ba mai ce masa Alhaji, sai Mai Jaki, har 'ya'yansa da sunan ake kiransu a makaranta. Ciwon kuma da ya shekara biyu yana ɓoyewa, yana tsoron a gan shi a layin asibiti ciniki ya lalace, bai yafe masa ba. Ya cinye idon dama, sannan likita ya yanke ƙafar hagu daga gwiwa.